Shaidar da Ke Ƙarƙashin Murfin Oda

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya ta masu riƙon tsofaffin motoci, da mataimakansa. Alƙalan gasar bana, waɗanda suka wuni suna leƙen ƙarƙashin motoci har gwiwoyin wandunansu suka yi baƙi. Manyan baƙi da aka gayyato da takarda, da waɗanda ƙarar inji ce ta gayyato su daga bakin titi. 'Yan'uwana masu sana'a, makanikai da masu walda, masu fenti da masu ɗinkin kujera, masu haɗa waya da masu goge ƙarfe. Iyayenmu mata da ke zaune can cikin inuwa. Jama'a maza da mata, manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta farko ga Allah da ya nuna mana wannan yammaci muna lafiya. Godiya ta biyu ga ƙungiya, da ta ga ya dace ta kira wani dattijo mai gyaran sitiyari, wanda kuke wa laƙabi da Mai Launi, ta ce za ta girmama shi a gaban jama'a. Godiya ta uku kuwa ga waɗannan motoci da ke jere a kan ciyawa a bayanku. Ku ɗan waiwaya ku dube su. Rana ta karkata, haskenta ya kwanta a kan rufinsu, kowace tana tsaye shiru da shekara hamsin ko sittin a cikinta. Akwai wadda ta kai jariri gida daga asibiti, yau jaririn ne ya tuƙo ta da furfura a kansa. Akwai wadda ta yi shekara ashirin kaji na ƙwai a kujerarta ta baya kafin wani mai rabo ya janyo ta. Duk na gaishe su.

Mai girma shugaba, kafin in shiga bayani ina da roƙo guda. Wannan lambar girmamawa da ka ɗaga za ka miƙo mini, ka mayar da ita kan tebur tukuna. Ka bar ta nan inda kowa zai gan ta. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina gina sunan da aka rubuta a jikinta, ba ni da wata dukiya da ta wuce shi, kuma abin da zan faɗa yau zai iya rushe shi kafin in sauka daga wannan mumbari. Idan na gama kun ga har yanzu na cancanta, to. Idan kun ga akasin haka, babu wanda zai sha wahalar ƙwace ta daga hannuna.

An ce in yi bayani a kan yadda ake dawo wa sitiyarin tsohuwar mota da launinsa na asali, har ya zauna daidai da kujeru da ƙofofi da sauran kayan ciki. Zan kawo abu uku.

Abu na farko shi ne a san inda launi yake kwana.

Sitiyarin da ake kawo mana yakan zo a tsattsage, ya ƙone, ya dafe. Rana ta ci samansa, gumin hannu ya ci gefensa, zoben mai mota ya bar masa tabo a wuri guda, har kana iya gane ko bahago ne ya riƙe shi. Launin da kake gani a jikinsa launin shekaru ne. Wanda ya haɗa fenti ya bi wannan, tsufa ya kwaikwaya. Launin asali yana ɓoye a inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, inda hannu bai taɓa shafa ba: bayan ƙarfen da ya riƙe da'irar, cikin lanƙwasar fatar kujera inda ɗinki ya haɗiye ta, sannan uwa-uba ƙarƙashin murfin oda, wannan ɗan faifan da ke tsakiyar sitiyari wanda ake dannawa mota ta yi kuka.

Jama'a, ban san ko akwai abin da ya kai buɗe wannan murfi daɗi a sana'armu ba. Ka kwance ƙusoshi uku, ka ɗaga shi a hankali, sai ka tarar da launin yana nan kwance yadda wani ma'aikaci ya rufe shi tun kafin a haifi yawancinku. Bai san an yi yaƙe-yaƙe ba, bai san mai motar ya rasu ba, bai san an daina ƙera irinta ba. Nakan tsaya in daɗe ina kallo. Wani lokaci sai in ji kamar ina jin ƙamshin sabuwar mota, in ga wani mutum da farar riga ya tsaya a ƙofar gidansu yana danna oda don a fito a gani, matarsa ta fito da kumfar sabulu a hannu.

Maigidana da ya koya mini wannan aiki, Allah ya jiƙansa, na je wurinsa ne da gemuna, bayan na gaji da rubuta allunan shaguna. Ranar farko ya kafa mini doka guda. Ya ce, "Duk sitiyarin da za ka fenta, ka bar wuri kamar faɗin babban yatsa a ƙarƙashin murfin oda. Kada yashi ya taɓa shi, kada fenti ya hau shi. Sunansa shaida. Da shi za ka auna abin da ka haɗa, da shi kuma wanda zai zo bayanka zai auna ka." Tun daga ranar ban taɓa fenta sitiyari ban bar shaida ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu na biyu shi ne a san lokacin da ake duban launi.

Ba a duban launi a ƙarƙashin fitilar gareji, domin fitila tana da son kai, kowace da irin ƙaryar da take yi. Ba a dubansa a tsakiyar rana, ba a dubansa yana jiƙe, ba a dubansa da fushi, ba a dubansa da yunwa. A shagona akwai wata taga da ke kallon arewa, rana ba ta shigowa ta nan, haskenta kawai ke shigowa, mai laushi, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe. A gindinta na ajiye teburin haɗi. Akwai kwalabe talatin da 'yan kai a kan kanta, da ɗan farantin tangaran, da tsinken da nake ɗiga fenti da shi. Ka zuba fari, ka ɗiga rawaya, ka taɓa ruwan ƙasa da bakin tsinke, wani lokaci ka sa baƙi ɗan mitsitsi wanda ko ƙuda ba zai ƙoshi da shi ba. Ka shafa a kan guntun roba, ka bar shi ya bushe, ka tafi ka yi wani aikin. In ka dawo, ka ɗora shi kusa da shaida, ka ɗauke shi ka kai cikin motar ka jingina shi da kujera, ka rufe ƙofa, ka zauna. Idan idonka ya wuce ta kansa bai yi tuntuɓe ba, ka samu.

A cikin dukan launuka, wanda ya fi wahala shi ne wanda muke kira ruwan madara, wannan fari mai ɗan ɗumi da aka yi yayi a motocin da. Ja yana yafe kuskure, kore yana yafewa, baƙi ma bai san an yi ba. Ruwan madara ba ya yafiya. Ɗigo ɗaya ya yi yawa ya koma tsohon haƙori, ɗigo ɗaya ya gaza ya koma farantin asibiti. Kuma da shi na yi suna. Kun sani, na sani. Har ta kai alƙalanmu in suka leƙa mota suka ji an ce aikin Mai Launi ne, sai su gyaɗa kai su wuce. Har ta kai da nawa ake auna na wasu.

Abu na uku, jama'a, shi ne abin da ya sa na ce a bar lambar nan a tebur. Shi ne ido.

Yabo yana da daɗi, kuma na sha shi har na ƙoshi. Wajen shekara bakwai da suka wuce na fara ji a raina cewa na haddace ruwan madara yadda na haddace fuskar 'yata. Ina barin shaida kamar kullum, in liƙe ta da salatif kafin in fesa fenti, in ɓare idan ya bushe, in mayar da murfi. Amma na daina ɗora guntun roba kusa da ita. Na daina kallonta ma. Ina haɗawa ne da abin da ke cikin kaina, har idona ya ce mini ya yi.

Uwar 'ya'yana tana nan a layi na biyu, ga ta can tana ɓoye fuska da mayafi. Kun san ta da Mai Ɗinki, domin rabin kujerun motocin nan daga ƙarƙashin kekenta suka fito. Shagonmu ɗaya, labule ne kawai tsakaninmu. Wata safiya ta ɗaga labulen da fata a hannu, ta dubi sitiyarin da na rataye yana bushewa, ta ce, "Baban yara, wannan bai yi fari da yawa ba?"

Na ce, "Ke da allura, ni da launi. Na taɓa zuwa na ce miki ɗinkinki ya karkace?"

Ta ce, "Ai bai taɓa karkacewa ba."

Ta saki labule. Bayan wata biyu ta sake faɗa, na ce fatarta ce ta yi duhu. Ta sake faɗa a karo na uku, na yi kwana biyu ina amsa mata magana da ka. Daga nan ba ta ƙara ba. Masu motoci ma akwai waɗanda suka ɗan yi jim, suka ce kamar sitiyarin ya fi kujerun haske. Nakan ce musu, "Kujerun ne suka tsufa, haka motar ta fito daga kamfani." Su kuwa su ce, "To, ai kai ka sani."

A waɗannan shekaru duniya ta yi mini kyau ƙwarai, ban kuma tambayi dalili ba. Kullum gari kamar bayan la'asar. Bangon shagona ya yi ɗumi, fuskokin mutane sun yi laushi, farar takarda ma sai in gan ta kamar an ɗan gasa ta. Na ɗauka haka tsufa yake, mutum ya riƙa ganin komai da sassauci. Sai da zaren allura ya gagare ni, sai da na fara neman ƙusa tana gabana, sannan 'yata ta ja ni gun likitan ido. Likitan ya haska, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ta daɗe tana taruwa. Ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa masa, ya ajiye fitilarsa ya dube ni, ya ce, "Baba, irin wannan yanar, rawaya take sa wa duk abin da ka kalla. Ka shirya, za ka sha mamaki." Na yi dariya, na ce a raina yaro ne, me ya sani game da rawaya.

Aka yi wa idon dama aiki wata biyu da suka wuce. Ranar da aka cire bandeji, abin da na fara gani rigar ma'aikaciyar jinya ce. Jama'a, ashe haka fari yake. Na manta. Na fito waje na ga sama, shuɗi har yana sa hawaye. A hanyar gida na riƙa rufe ido ɗaya ina buɗe ɗaya. In rufe na dama, gari ya koma la'asar. In rufe na hagu, gari ya koma hantsi. Titi ɗaya, mutane ɗaya, lokaci biyu. Har 'yata ta ce, "Baba, ka daina, mutane za su ce ƙyafta musu ido kake yi."

Da likita ya ba ni izinin komawa aiki, na shiga shago da ƙarfe tara. Akwai sitiyari a kan tebur wanda na gama kafin a yi mini aiki, mai shi bai zo ɗauka ba. Tun daga bakin ƙofa na gan shi, na tsaya. Fari fat, mai sanyi, har da ɗan shuɗi-shuɗi. Na ɗauki sukundireba, na kwance murfin, na kai shi gindin taga. Shaida na nan kwance da ɗuminta, ruwan madara na gaske, kewaye da aikina kamar an zuba mata alli. Idona yana ƙara mini rawaya daga ciki, ni kuma ina rage ta a faranti. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na zauna a kan benci.

Ban ji ɗaga labule ba, sai dai na ga inuwarta. Na ce, "Guda nawa na yi haka?"

Ta ce, "Goma sha tara."

Ko tsayawa tunani ba ta yi ba. Ta jero mini su ɗaya bayan ɗaya, da launin kujerun kowace, tunda ita ta ɗinka su. Ashe shekara bakwai tana ƙirgawa a zuci. Na ce, "Me ya hana ki matsa mini?" Ta ce, "Na faɗa sau uku. Da na faɗa na huɗu, kai zan rasa, na ga gara in rasa launi." Sannan ta kawo mini ruwa.

Yanzu ga inda na fi jin nauyin faɗa. Ban yi niyyar gaya wa kowa ba. Dabara na shirya: in bi masu motocin ɗaya-ɗaya, in ce ina so in ɗan goge musu sitiyari kyauta saboda gasa ta matso, in sake fenti a ɓoye, in mayar. Wa zai sani? Na fara da wadda ta fi kusa da shagona, Malama, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, mai ƙaramar koriyar motar nan ta ƙarshen layi. Motar mijinta ce, Allah ya jiƙansa. Shekara uku ke nan da na gyara mata sitiyarin.

Na same ta da safe a garejin gidanta, tana zaune a kujerar direba, ƙofa a buɗe, inji a kashe. Ta daina tuƙi, 'yarta ke tuƙa ta, amma ta ce kullum takan zo ta zauna na ɗan lokaci. Na gaishe ta, na kawo zancen gogewa. Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ya sa dubban yara faɗin gaskiya, ta ce, "Mai Launi, sitiyarin nan ko ƙura babu. Me ya kawo ka?"

Ni da furfurata sai na ji ni a gaban ofis. Na kwashe komai na faɗa mata. Na ce a ba ni kwana biyar in mayar da shi yadda ya kamata.

Ta ɗora hannu biyu a kansa, ta ce, "Ba za ka taɓa shi ba."

Na ce, "Malama, kuskure ne. In kin yarda in buɗe murfin in nuna miki."

Ta ce, "Wane idon aka yi maka?" Na ce na dama. Ta ce, "Zagayo ka shiga ta can. Rufe idon nan."

Na zagaya na zauna a gefenta, na sa tafin hannu na rufe sabon idona. Jama'a, sai ga ruwan madara. Ga shi nan sak, mai ɗumi, mai sheƙi, kamar yanzu aka yaye masa takarda. Hasken ƙofar gareji ya zubo a kan gilashi, ƙura na yawo a cikinsa a hankali.

Ta ce, "Ni ma likita ya ce ina da irin taka, idanu biyu. Komai na gidan nan ya tsufa a idona. Labule ya tsufa, hotuna sun tsufa, farar rigarsa da na ajiye ta koma rawaya. Ranar da ka kawo sitiyarin nan na zauna na yi kuka, domin shi kaɗai ne ya dawo yadda yake ranar da ya kawo motar. Ya tsaya a ƙofa yana ta danna oda har maƙwabta suka fito. Ya ce in riƙe in ji. Na ce hannuna da manja, ya ce riƙe, ai taki ce. Wannan launin na riƙe a ranar. In ka gyara shi, kai za ka ga daidai, ni kuma in ga ya tsufa kamar sauran."

Na ce ya kamata ta je a yi mata aikin, ba wuya, ga ni na gani. Ta ce ta sani, 'yarta ma ta dame ta, za ta je. Ta ce, "Ranar da aka wanke mini ido, ni da kaina zan kawo maka shi. Kafin nan ka bar mini."

Na buɗe ƙofa zan fita, sai ta ce, "Tsaya, ban sallame ka ba. Mu nawa ne?" Na ce goma sha tara. Ta ce, "Sauran sha takwas ɗin ma da gogewa za ka je musu?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Shekara talatin ina karɓar littattafan yara. Wadda ta ja layi a kan kuskurenta ta rubuta daidai a sama, ban taɓa rage mata maki ba. Mai gogewa a ɓoye kuwa takardar take hujewa. An ce za a ba ka lamba ranar gasa. Zan zo in zauna a gaba."

Ga ta nan kuwa, ta cika alkawari. Malama, na gaishe ki.

Saboda haka, ya ku jama'a, ga layin da na zo ja a gabanku. Motoci goma sha tara na wannan ƙungiya suna ɗauke da sitiyarin da launinsa ba na asali ba ne, kuma hannuna ne ya yi. Bakwai daga cikinsu suna kan ciyawar nan yanzu. Mai girma shugaba, ka yi mini afuwa, motarka da ta ɗauki kofin bana tana ciki. Ba sai kun yarda da bakina ba, ƙusa uku ne kawai tsakaninku da gaskiya, domin ko a shekarun da na daina kallon shaida ban daina barinta ba.

Akwai kuma haƙƙin da ya fi wannan nauyi. Bara, abokin sana'ata da kuke kira Dogo ya kawo sitiyari ruwan madara a wata mota, aka ajiye ta kusa da wadda na yi. Alƙalai suka dubi nasa suka dubi nawa, suka ce nasa ya yi rawaya, aka rage masa maki. Ina tsaye a wurin. Har na dafa kafaɗarsa na ce ya riƙa rage hannu. Dogo, naka ne daidai. Alƙalai ba su da laifi, sunana suka amince wa. Na ji an ce tun daga ranar ka fara rage rawaya a haɗinka don ka bi nawa. Don Allah ka mayar da ita.

Ga abin da nake roƙo. Ina roƙon masu motoci sha takwas su kawo mini su ɗaya bayan ɗaya. Zan kankare, in sake haɗawa a gindin taga da shaida a gefe, yadda aka koya mini. Ba zan mayar da murfi ba sai ido biyu da ba nawa ba sun duba: na uwar 'ya'yana, wadda ta gani tun farko, da na Dogo, idan zai iya haƙurin shiga shagona. Ina roƙon alƙalai daga yau kada su ƙara wuce aikin kowa saboda sunansa, ko da nawa ne, musamman ma nawa. Ina roƙon matasan sana'a su je a duba musu ido kamar yadda suke kai mota a duba mata birki, kuma in wanda ke bayan labule ya ce musu ya yi fari, su ajiye tsinke su saurara.

Ta sha tara kuwa, ta Malama, ina roƙon a bar ta yadda take. Da izininta na rubuta 'yar takarda na naɗe na sa a ƙarƙashin murfinta, kusa da shaida, saboda wanda zai buɗe bayan ba na nan. Na ce, "Na ga bambancin. Mai motar ce ta ce a bari, kuma tana da dalili."

Ranar Litinin za a yi wa idona na hagu aiki. Ina so, kuma ina godiya, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai ɗan baƙin ciki a ciki. Bayan Litinin zan iya kwaikwayon launin sitiyarin Malama duk lokacin da ya buƙaci taɓi, amma ba zan ƙara ganin abin da take gani ba. Za ta koma ita kaɗai a wannan la'asar ɗin. Shi ya sa na roƙe ta, ta kuma yarda, in an tashi daga nan 'yarta ta zagaya da mu filin nan sau ɗaya kafin rana ta faɗi. In kun ga wani tsoho a kujerar baya ya rufe ido ɗaya da hannu, kada ku ce ya zautu.

Mai girma shugaba, na gama abin da ya kawo ni. Lamba tana hannunku.

Na ga shugaba ya tashi. Na ga ya sa hannu a aljihu. Jama'a na baya da ba ku gani, makullin motarsa ne ya ajiye a kan tebur, a kan lambar. Ranka ya daɗe, na fahimta. Taka ce ta farko, lambar kuma ta jira har a gama ta sha takwas. In kun tashi bayarwa, a ƙara sunan Mai Ɗinki a jikinta, akwai wuri a ƙasa. Dogo, na ga ka miƙe da sukundireba. Tun yaushe take aljihunka? Zo, zo ka buɗe murfin odar motar shugaba, haƙƙinka ne. Ku ba shi hanya. Ka bi ƙusar hagu a hankali, tana da gardama.

Kafin ya kwance ta, bari in yi addu'a. Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka shirya shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka fara riƙe waɗannan sitiyari, ya jiƙan waɗanda suka koya mana sana'a. Allah ya tsare mana idanunmu, ya ba mu masu gaya mana gaskiya a cikin gidajenmu, ya ba mu kunnen jin su tun a karo na farko. Allah ya ba Malama lafiya, ya sanyaya mata zuciya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, mota ba ta mutu wa kowa a hanya ba.

Uwar 'ya'yana, kin ji na faɗa a gaban mutane: ya yi fari da yawa.

Na gode.